Wakilinmu Ya Gani da Idonsa

Mu bakwai ne wakilan jaridu da ke zama a wani ɗaki a unguwar Tunga da ke Minna, bayan shagon mai buga katin biki. Duk wanda ya ce maka kowannenmu yana zuwa wurin da yake ba da labarinsa, ka dube shi da kyau: ko dai bai san aikin ba, ko kuma ɗaya daga cikinmu ne. Jihar Neja ba ƙaramar ƙasa ba ce. Mutum ɗaya mai hawan acaɓa ba zai iya zama a Minna da Bida da Kontagora a rana guda ba, amma editansa da ke shan sanyin ofis a Abuja yana son labarin duka ukun kafin ƙarfe uku na rana. Saboda haka tun kafin in shigo ɗakin aka samo dabara. Da safe a raba wurare, kowa ya tafi nasa, ya dawo ya rubuta, ya tura wa sauran shida. Kowa ya canza farkon labarin, ya juya kanun, ya ɗora sunansa a sama. Rabo muke kiran abin. Ba a rubuce yake ba, kuma ba a maganarsa a waje.

Sunana Ladan, shekarata ashirin da uku ina wannan aiki. Wata Talata a watan Maris na 2012 rabona ya faɗa kan wani kamfani mai suna Gadar Zamani, wanda ya kafa dogon turken sadarwa a Tunga, ya ce daga ranar duk mai kwamfuta a unguwar zai samu intanet mai gudu ba tare da waya ba. An ce taro ƙarfe goma. Na isa sha ɗaya saboda na san halin mutanenmu, na tarar ana kan jera kujeru.

A ƙarƙashin rumfar na ga Susan, 'yar maƙwabcina Dawuda. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Sabon Gari tun ubanta yana aikin jirgin ƙasa, kuma a gabana aka yi mata suna. Tana koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Shango, bayan haka tana da shafinta a intanet, irin wanda suke kira bulog, inda take rubutu kan wayoyi da layukan sadarwa: wane modem ne ke ja a Minna, wane ne kwalliya kawai, wace waya ce jabu. Matasa suna karanta ta sosai. Mu kuwa a ɗakinmu ba mu ɗauki irinsu a bakin komai ba. Ni da kaina na taɓa rubutawa a jarida cewa bulog gulmar bakin famfo ce da aka jona wa lantarki, kuma na ji daɗin jimlar har na yi mako ina maimaita ta.

"Baba Ladan, ina kwana," ta ce, ta ɗan rusuna da kwamfutarta a hannu. "Yau manya sun fito da kansu."

"Mun zo mu ga abin da za ku kwaikwaya gobe," na ce.

Ta yi dariya ta matsa mini kujera.

Sha biyu ta wuce babban baƙo bai zo ba. Ƙarfe ɗaya da rabi zafi ya cika rumfar, 'yan makarantar da aka kwaso don su yi tafi sun fara gyangyaɗi, ni kuma agogo yana cina. Sai na yi abin da na yi sau ɗari kafin ranar. Na je wurin jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, na karɓi jawabin manaja a rubuce da tsarin taro, na sa a jaka. Ina tsayar da ɗan acaɓa muka haɗa ido da Susan. Ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata.

A ɗakinmu na rubuta labarin cikin minti ashirin. Na kira jami'in na tambaye shi, "An kunna?" Ya ce, "An kunna, Alhaji, ba ka jin tafi?" Kuma gaskiya na ji tafi ta cikin wayar. Sai na ƙara jimlar da ke ba labari nauyi, wadda editoci ke so: wakilinmu ya gani da idonsa yadda ɗalibai ke buɗe shafuka cikin ƙiftawar ido. Na tura wa jaridata, na tura wa sauran shida, na tafi sallar la'asar da zuciyata wasai.

Washegari jaridu bakwai suka fito da labarin. Kowa ya gyara farkonsa yadda aka saba, amma babu wanda ya taɓa wannan jimlar, don ita ce mai daɗin. Wakilai bakwai, kowanne ya gani da idonsa.

Kafin azahar Ndagi, shugaban ɗakinmu, ya miƙo mini wayarsa. Shafin Susan ne. Ta rubuta cewa ta zauna har aka tashi. Manaja ya danna madanni, shafuka sun fito a allon majigi, an yi tafi, amma kwanan watan da ke saman shafukan na makon jiya ne, wato an adana su ne tun da wuri a cikin kwamfutar. Ta roƙi a buɗe wani shafi daban, aka ce lokaci ya ƙure. Ta gwada da tata kwamfutar a gindin turken, ko alamar sabis babu. Ta zagaya baya ta tarar akwatin na'urar a buɗe, ba komai a ciki sai igiyar waya a naɗe, ta ɗauki hoto. Ta gargaɗi mutane kada su sayi modem ɗin kamfanin tukuna. Kanun da ta sa shi ne ya fi tsaya mini a rai: Jaridu bakwai, ido ko ɗaya babu.

Na karanta har ƙasa ina neman sunana. Ba ta sa ba. Ta ga lokacin da na hau acaɓa, ta san wanda ya rubuta, amma ko kusa ba ta nuna ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ka ga yaran nan?" in ji Ndagi. Banufe ne, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma in ransa ya ɓaci takan ƙara karkacewa. "Yarinya ba shi da edita, ba shi da ofis, ba shi da kati, ya zauna a daki ya ce mu bakwai makaryata ne. In mun yi shiru yau, gobe babu wanda zai kira mu taro. Su za a kira."

"Ndagi," na ce a hankali, "ban tsaya har aka kunna ba."

Wani ya tashi ya tura ƙofa.

"Ban ji ba," in ji Ndagi. "Kai ma ba ka fada ba. Malam Ladan, in kai ba ka gani ba, ni fa? Ranar ina Bida. Wannan yana Suleja. Sunanmu yana kan labarin, abi? Kana so editoci bakwai su tambaya yaya mutum yana Bida ya gani abu a Tunga?"

Nan take aka rubuta sanarwa cewa wakilan jaridu suna nan kan bakansu, kuma jama'a su yi hattara da masu shafukan intanet da ba su da horo. Takardar ta zagayo, kowa ya sa hannu, ta iso gabana da gurbi ɗaya. Ina so in ce na yi jinkiri mai tsawo. Ban yi ba. Idanu shida suna kaina, na sa hannu, kuma hannuna bai ko girgiza ba, abin da har yau yake ba ni haushi.

Daga nan abin ya fi ƙarfin kowa. Matasa a shafin Susan suka yi ca a kanmu, suna kiranmu tsofaffin da ba su san bambancin modem da akwatin ashana ba. Namu kuma suka shiga rubuta sharhi kan haɗarin 'yan bulog ga ƙasa. A tsakiyar wannan hayaniya, kamfanin ya kawo na'urarsa a ɓoye ya haɗa, kwana goma bayan taron intanet ɗin ya fara aiki, yana jan ƙafa amma yana aiki. Sai suka ce hoton Susan tsoho ne, tun lokacin gini aka ɗauke shi. Wa zai musa? Ga turke yana aiki, ga jaridu bakwai, ga sanarwa mai hannu bakwai. Lauyansu ya haɗa duka ya liƙa a bayan wasiƙa, ya aika wa Susan, ya aika kwafi ga mai makarantar da take koyarwa. Wasiƙar ta ce ko dai ta janye maganarta ta ba da haƙuri a shafinta kafin Juma'a da rana, ko a haɗu a kotu. Mai makarantar, Madam Magdalina, ta ƙara nata: ba za ta riƙe malamar da jaridu suka ƙaryata ba, iyayen yara sun fara magana.

Ranar Laraba da safe ina shan koko a ƙofar gida Dawuda ya fito. Mutum ne mai tsayi da ya fara ranƙwafawa, shi ma Hausarsa ta zaman gari ce ba ta gado ba, kuma tun da matarsa ta rasu albashin Susan ne ke riƙe da gidan. Ya zauna a bakin dakalin, muka gaisa, muka yi maganar zafi da rashin wuta, ya daɗe yana murza hularsa.

"Malam, yarinyan nan kwana biyu bai ci abinci ba," ya ce. "Ni ban san intanet ba. Amma na san Susan ba ya karya. Ya ce mini kai ka san gaskiya. Ya ce kar in zo wurinka, ni ne na zo da kaina."

"Ai Susan 'yata ce, Dawuda."

"Shi ya sa. Ba mu ce ka yi fada da kowa ba. Layi daya kawai. Ka ce ka tashi kafin a kunna. In ka fada, lauyan ba shi da komai a hannu."

Ya yi gaskiya, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan: tsoho mai gyaran tarago ya gane lissafin sarai. Na ce masa in sha Allahu zan duba. Ya yi godiya har da riƙe hannuna da hannu biyu, kunya ta kusa kashe ni a wurin.

Kuma na duba, kada a ce ban yi komai ba. Na shiga ɗaki na rubuta gyara mai layi huɗu, na kira editana na karanta masa. Ya ce, "Ladan, kana so in buga cewa jaridarmu ta yi ƙarya, wata yarinya mai bulog ta yi gaskiya? A wannan makon da muka yi sharhi a kansu?" Na ce gaskiyar ke nan. Ya ce to shi ma bari ya gaya mini tasa gaskiyar. Masu jarida suna neman rage wakilan jihohi, sunaye uku ake nema, an samu biyu. In na nace zai kai maganar sama, amma in sani cewa wakilin da ya rubuta ya gani alhali bai gani ba, ba gyara ake buga masa ba, takardar sallama ake ba shi. "Ka yi tunani zuwa gobe," ya ce, ya kashe wayar.

Shekarata hamsin da huɗu a lokacin. Ban iya komai ba sai wannan aikin. 'Ya'yana biyu suna jami'a, Azumi matata tana fama da hawan jini. Kuma ko da na ce na sadaukar da kaina, ba ni kaɗai zan faɗi ba, mutum shida ne za su biyo ni, waɗanda laifinsu kawai shi ne sun yarda da ni kamar yadda na yarda da su shekara da shekaru. Na juya maganar ta kowane gefe, duk inda na juya sai in tarar da wani a tsaye wanda zan taka. Na ji tsoro, wannan ita ce kalmar, ba wata ba.

Ranar Alhamis na je Tunga da niyyar in roƙi Ndagi mu nemi wata hanya, ko mu je wurin kamfanin mu ce su bar yarinyar. Ya saurare ni yana cin gyaɗa.

"In mun roke su, sun san muna da abin boyewa," ya ce. "Ka bari ya ba da hakuri. Yaro ne, mutane za su manta. Kai in ka fadi, wa zai dauke ka?" Ya tura mini gyaɗar. "Gobe kai ne da taron manoma. Ka tsaya har karshe wannan karon."

Sauran suka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Na dawo gida bayan la'asar ta hanyar baya don kada in bi ta ƙofar Dawuda. Ban tsira ba. Ina cire takalmi Azumi ta ce ina da baƙuwa a zaure. Susan ce, zaune a kan tabarma da kwamfutarta a cinya, ta rame a ido. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar jikin Mama.

Na fara kame-kame. Na ce na kira edita, na ce abin yana da sarƙaƙiya, na ce ita yarinya ce ba ta san yadda gidan jarida yake ba. Ta bar ni na gama.

"Baba, ban zo don wannan ba," ta ce. "Na san ba za ka faɗa ba. Tun ranar da na ga hannunka a sanarwar na sani."

"Kina iya faɗa da kanki," na ce, kuma wallahi a lokacin so nake ta yi. "Kin gan ni na tafi. Ki rubuta sunana."

"In rubuta, ka ce me? In an tambaye ka a kotu, ka ce me?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarmar.

"Ka gani. Sai a ce na ƙara ƙarya ta biyu, kuma a kan maƙwabcin babana." Ta gyara zaman kwamfutar. "Madam ta ce in na sa haƙurin kafin gobe da rana, in ci gaba da aiki. Baba yana shan magani kowane wata. Na yanke shawara zan sa."

"Masu karanta ki fa?"

"Za su tafi. Abu ɗaya suke zuwa nema a wurina, in na ce abu yana aiki to yana aiki, in na ce ba ya yi to ba ya yi. Shekara uku ina tara wannan. Daga gobe ni ce wadda ta ɗauki tsohon hoto ta yi wa kamfani sharri." Ta dubi kwamfutar da ke cinyarta. "Ba komai. Abin da ya kawo ni daban ne."

Ta juyo da kwamfutar ta fuskance ni. Farin shafi ne, babu komai sai kalma biyu a sama: Neman afuwa.

"Lauyan ya ce ba zai karɓi haƙuri kawai ba. Sai na rubuta cewa an kunna a gabana kuma ya yi aiki. Tun safe nake zaune, Baba. In na fara sai in ga akwatin nan a buɗe, hannuna ya tsaya. Ban san yadda ake rubuta abin da ban gani ba." Ta ɗago ta dube ni, babu izgili a fuskarta ko kaɗan, kuma na nema. "Kai ka iya. Ka taimake ni."

Na so in ce mata ta rufe kwamfutar, gobe da safe zan je gaban lauyan da kaina. Maganar ta zo har bakina, na ji nauyinta a kan harshena. A cikin gida Azumi tana tari, a waje wani mai keke yana ta danna oda. Na zauna a kan tabarmar, na jawo kwamfutar gabana.

Yatsuna ba su yi gardama ba. Na rubuta cewa bayan dogon nazari, marubuciyar ta gane ta yi gaggawa. Na rubuta cewa an ƙaddamar da aikin cikin nasara a gaban jama'a, ita ma tana wurin, kuma matsalar daga kwamfutarta take. Na nemi afuwar kamfani, da gidajen jaridu masu daraja, da masu karatu. Na sa sunanta a ƙasa. Minti goma bai cika ba na gama.

Susan ta karanta a hankali, leɓɓanta suna motsi. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ba ta canza ko kalma ɗaya ba.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce. "Kamar gaske."

Ta rufe kwamfutar, ta rusuna ta yi mini sai anjima, ta fita.